Kwanuka Masu Wushirya

Lantana ba ta taɓa shan taba ba, ba ta ma taɓa riƙe karan sigari da hannunta ba. Amma duk wanda ya shiga ɗakinta a Tamaske, da zarar idonsa ya saba da duhun ɗakin, abin da zai fara gani shi ne kwanukan tokar taba jere a jikin bangon gabas, layi bisa layi, daga daidai ƙugu har kusa da azara. Akwai na gilashi masu nauyi, kore da mai ruwan zuma. Akwai na tangaran masu zanen jirgin ruwa, da na tagulla da suka yi baƙi don tsufa, da wani na dutse da aka sassaƙa kamar tafin hannu. Kantocin da suke kai na laka ne, ita ta gina su jikin bango da hannunta tun tana da ƙarfi. Idan za ta yi salla takan rataya tsohon zane ta rufe su, saboda wasu suna da hotuna.

Bangon gabas shi ke shan dukan ruwa kowace damina, kuma shi ne ya tsage. Tsagar ta fara daga sama, siririya. Bara ta sauko har ƙasa ta bayan kantocin, ta buɗe baki yadda da hantsi rana ke leƙowa ta ciki. Magini ya zo ya duba, ya sa yatsa, ya girgiza kai. Ya ce yaɓe ba zai yi ba, kuma shi dai ba zai kwanta a gindin wannan bango ba idan hadari ya taso.

Ɗanta Sadiƙ, mai fataucin albasa, ya gama sabon gida na bulo da siminti a bakin hanyar Keita, ya ware mata ɗaki mai taga biyu. Ya ce ta taso kafin ruwa ya sauka. Ya ce ta zo da duk abin da take so, gado da tabarmi da tukwane, har tsohuwar akuyarta, amma ban da waɗannan kwanuka. Ita kuwa ta ce inda ba su shiga ba, ita ma ba ta shiga. Ba shi ta faɗa wa ba. Sadiƙ ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta zama da shi a yi doguwar magana. Abin da take so ya ji, matarsa Fatiha take gaya wa, shi ma amsarsa ta bakin Fatiha take dawowa. Maganar ke nan tun bayan girbi, ga shi har an fara sharar gona.

Su kwanukan, da Kalla suka shigo gidan. Kalla mijinta ne, Allah ya jiƙansa.

Mazan Adar, ƙasar su Lantana, kowa ya san su da tafiya biɗa. In an kai gero rumbu sai su ɗauki jaka su nufi kudu, wannan ya yi dako, wancan ya sayar da shayi ko tsire, ruwa na sauka su dawo su kama hauya. Kalla ma haka ya fara. Sai ya sami aiki a wani otel a Abijan, yana ɗaukar faranti yana goge tebur, irin wannan aiki kuwa bai san damina ba. Daga nan zuwansa gida ya koma sai dama ta samu. Gonarsa ƙanensa ke nomawa a raba. Lantana tana amarya ta koyi saƙar tabarmar kaba, da ita ta riƙe kanta, da ita kuma take cika yinin da babu wanda za a kai wa abinci.

Zuwansa na farko daga otel ɗin ya kawo zane da sabulu, da takalma na tsohuwarsa. A can ƙasan jaka, naɗe cikin jarida, akwai wani ɗan kwano na koren gilashi, mai kauri, da nauyi kamar dutsen niƙa ƙarami, bakinsa da 'yan wurare uku da suka lotsa. An canja wa otel ɗin suna, aka ce a fitar da duk abin da ke ɗauke da tsohon sunan, shi kuma ya ga wannan ya fi ƙarfin bola. Lantana marainiya ce, gwaggonta ta riƙe ta ta aurar, jerenta bai wuce 'yan langa da tasoshi da ƙorai ba. Ta wanke koren kwanon ta sa shi a tsakiyarsu.

Mata suka shigo ganin tsaraba. A cikinsu akwai Saude, maƙwabciyarta kuma sa'arta, wadda magana ba ta kwana a bakinta. Ta ɗauko kwanon ta ɗaga shi wajen hasken ƙofa.

"Lanti, wanga kwano ai mai giɓi na. Har uku. Tun daga Abijan anka ɗauko miki hwasasshe?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. A wajen mata, kwano mai giɓi ba ya hawa jere. Na ba kaji ruwa ne. A ce kuwa miji ya kawo shi tsaraba, magana ce da za ta kai bakin rijiya kafin la'asar.

Lantana ta karɓe shi, ta bi bakinsa da yatsa a hankali.

"Taɓa ki ji. Giɓi kaihi garai. Wanga sumul yake. Ba giɓi ba na, wushirya ta. Da ita anka yi shi."

"Wushirya ga kwano?"

"Ke da kike da ita ga baki, wa yac ce miki haƙori kinka yar?"

Saude kuwa wushirya gare ta, da ita take yanga tun tana budurwa. Ta ja gefen zane ta rufe baki, dariya ta koma kanta. Tun daga ran nan sunan ya bi kwanon, ya bi waɗanda suka biyo bayansa. Har yau a unguwar, masu wushirya ake ce musu.

Da mata suka watse Lantana ta tambayi mijinta amfanin wushiryar. Yana sunkuye yana gyara igiyar jaka, bai ɗago ba.

"Wurin aje cokali na," ya ce. "Turawa ba su son cokali shi taɓa tebur."

Sai ta ga ai abin a fili yake. Da yamma ta daka yaji ta zuba a ciki, ta ɗora ɗan cokali a wushirya ɗaya, ya zauna daram kamar don shi aka yi wurin. Ta kai masa da tuwo. Kalla ya daɗe yana kallon kwanon. Mutum ne da ya zubar da tokar irinsa ya wanke sau ba iyaka. Ya yi bismilla, ya ɗebi yajin ya barbaɗa, ya ci. Ya ce yaji ya yi daɗi.

Shekaru suka ja kafin ta gane. Lokacin da furoje, wato shirin raya karkara, ya zo ƙasar Keita, mata suka fita aikin jera duwatsu a kan tuddai don tare ruwa, ana ba su abinci, Lantana ma ta fita da Sadiƙ a baya. Ranar rabo suna layi a bakin wata rumfa, sai ta hango tebur, a kansa ga ɗan uwan kwanonta, fari, mai wushirya uku. Ba cokali a kai. Karan sigari ne kwance a wurin cokalin, hayaƙi na tashi, cikin kwanon cike da toka da guntaye. Wani mutum ya miƙa hannu ya ɗauka ya zuƙa, ya mayar. Ta tsaya kallo har ta bayanta ta taɓa ta ta ce ta matsa gaba. A hanyar gida, da buhu a ka, ta yi ta juya abin. Ta gane kwanon, ta kuma gane irin teburin da mijinta ke gogewa, da abin da ake ajiyewa a kai ban da sigari.

Ba ta gaya wa kowa ba. Da Kalla ya sake zuwa, ta daka yaji ta zuba a koren kwano, ta ɗora cokali, ta kai masa. Ya ci kamar kullum. Ko ya ga wani abu a fuskarta, bai ce ba.

Kowane zuwa yakan kawo ɗaya ko biyu. Wani daga otel ɗinsu, wani abokin aiki ya ba shi, wani ya tsinta wajen masu sayar da kayan Turawan da suka tashi. Ita kuma ta ƙara gina kantoci, ta matsar da langa gefe. Da su take sanin shekarunta. Mai jirgin ruwa ya zo shekarar da tsohuwarsa ta rasu, shi kuma bai iso ba sai bayan sadakar arba'in. Na tagulla ya zo shekarar da gero bai yi ba, aka ci ganye har aka gaji. Na dutse ya zo da shi lokacin da Sadiƙ ya ga ubansa a ƙofar gida ya ruga ya ce wa uwarsa an yi baƙo.

Zuwan ƙarshe bai kawo kwano ba, tari ya kawo. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sadiƙ, wanda ya zama saurayi a lokacin, shi ya kai shi wajen likita. Likita ya saurari ƙirjin ya tambaye shi tun yaushe yake shan taba. Kalla ya ce bai taɓa sha ba. Likita ya sake tambaya, don ya ɗauka kunyar ɗansa yake ji.

"Tawa ban sha ba," in ji Kalla. "Ta mutane na sha."

Ya kwanta a ɗakin nan, fuskarsa wajen jere, ya yi ta tari har aka yi girbi aka sake wani. Abin da Sadiƙ ya sani na ubansa ke nan, tarin da ake ji har waje, da waɗannan kwanuka a saman kansa suna ƙyalli.

Kowa ya ɗauka daga rasuwarsa jeren ya tsaya. Sai ga shi a lokacin ne ma ya fara girma. Akwai wani Hamidu mai kayan gwanjo, yana bin kasuwanni daga Madawa zuwa Buza zuwa Tamaske, yana shimfiɗa tsofaffin kofuna da agogai matattu da fitilu a kan buhu. Wata ranar kasuwa Lantana ta kai tabarmi, ta ga wani mai wushirya a cikin tarkacensa, ta tsuguna ta ɗauka. Daga nan ya san ta. Duk wanda ya faɗo hannunsa sai ya ajiye mata. Ba kowanne take karɓa ba. Na roba ba ta ko taɓa shi, sabo mai sheƙi ma haka. Takan auna shi a tafin hannu, ta duba ko akwai tabon wuta a ciki wanda wanki bai fitar ba, sannan ta kifa shi ta miƙa wa Hamidu ya karanta mata sunan garin da ke rubuce.

"Inna, ke da ba ki taɓa wuce Tawa ba, mi za ki yi da sunan garin Turawa?"

"Karanta dai, ɗan nema."

"In na karanta ƙarya hwa?"

"Kai da Allah."

Samarin unguwa masu tafiya biɗa su ma suka riƙa tunawa da ita. Wanda ya kawo mata, takan saka masa da tabarma. Saude, wadda haƙoranta suka fara zubewa a lokacin, ta taɓa zama ta ƙare wa jeren kallo.

"Waɗancan na gane, shi ya kawo su. Waɗanga hwa? Ba ki san hannun da ya taɓa su ba."

Lantana tana saƙa, ba ta ɗago ba.

"Kowane da wanda ya wanke shi," ta ce.



To, yanzu ga bango ya tsage, ga sabon gida yana jira, ga Fatiha a tsakani. Yarinya ce mai haƙuri, amma hanyar da ke tsakanin gidajen biyu tana da tsawo, rana kuma ta bazara ce. Takan zo da kwanon abinci, ta durƙusa ta gaida surukarta, ta sha ruwa, sannan ta sauke saƙo kamar mai sauke itace.

"Inna, ya ce in hwaɗa miki su sunka kashe mai uba. Ba shi iya kwana gida guda da su."

"Uhm."

"Ya ce kuma akwai masu sunan giya a jiki. Abokan cinikinai alhazai na, suna zuwa gidan."

"Ɗakina za su shiga, alhazan?"

"Ni dai abin da anka aiko ni ke nan, Inna."

"Ki ce ma mai gidanki na ji."

Bayan kwana biyu ta dawo da sassauci. Ya ce a sa su a kwali a ajiye a magaza, ɗakin ajiyarsa, tare da buhunan albasa, ba wanda zai taɓa. Ko a mayar wa Hamidu, ya sami mai so. Lantana ta ce abin jere ba ya zama cikin kwali, ita ma ba ta kai shiga kwali ba tukuna. Fatiha ta yi ɗan murmushi na gajiya, ta ce wannan ba za ta iya kai ta yadda take ba, sai ta rage mata kaifi. Lantana ta ce ta rage.

Lantana ita kanta ta gaji. Gwiwoyinta ba su son tsugunno yanzu, goge kwanukan da a da take yi tsakanin hantsi da azahar ya koma aikin kwana da kwanaki, na saman ma ta bar wa ƙura. Takan zauna bakin gado ta dubi tsagar, ta san gaskiyar magini. Ba ta ƙi ɗaki mai taga ba. Amma in ta kwatanta kanta a can, da farin bango ba komai a jikinsa, sai ta ga kamar baƙuwa ce da aka saukar kafin mota ta zo.

Sadiƙ yakan zo da kansa bayan la'asar. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, ina wuni," ta amsa daga ciki a gajarce, fuskarta a wani gefe. Ba ya shiga. Yakan dubi bangon ta waje, ya zaga bayan gida ya jima, sannan ya hau babur ya tafi. Mutum ne mai nauyin baki kamar ubansa, kuma furfura ta fara fito masa a gemu.

Hadarin farko ya haɗu wata rana da azahar. Gabas ta yi baƙi, iska ta taso ta kwashe tabarmin da ke shanye, awaki suka ruga cikin rumfa. Saude tana ɗakin, ta zo aron rariya hira ta riƙe ta. Ruwan bai yi yawa ba, yayyafi ne mai ƙarfi, amma iskar ta daki bangon sosai. Suna zaune sai wani ɓangaren laka ya ɓalle daga sama, ya faɗo kan kantocin, ya ture mai jirgin ruwa. Kwanon ya faɗi a ƙasa ya yi ƙara ɗaya. Bai tarwatse ba. Bakinsa ne ya ɓare, tsakanin wushirya biyu.

Saude ta lallaɓa ta ɗauko shi, ta taɓa wurin, ta janye yatsa.

"To, Lanti. Wanga kam giɓi na."

"Giɓi na," in ji Lantana.

"Tashi mu tahi ɗakina kahin shi biyo da mu."

"Je ki. Ina tahe."

Saude ta fita, Lantana kuwa ba ta tafi ba. Iska ta kwanta, ƙasa ta tashi da ƙanshi. Ta share lakar, ta zauna bakin gado da kwanon a cinya. Ba ta mayar da shi wurinsa ba. Mai giɓi ba ya hawa jere, ko na wa ne.

Ba a jima ba ta ji babur. Sadiƙ ya shigo gidan da sauri, rigarsa jiƙe, wannan karon bai tsaya bakin ƙofa ba. Ya sunkuya ya shigo, ya dubi ramin da lakar ta bari, ana ganin sama ta ciki. Ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna ba Fatiha a wurin, ya rufe. Ruwa na ɗiga daga indararo.

Lantana ta juya fuskarta wajen bango. Da bangon ta yi magana.

"Bayan rumbuna kara na da busasshiyar ciyawa. Mai tsayawa can bayan la'asar, shi riƙa zuba toka cikin wanga. Ya hita jere, shi koma ga aikinai."

Ta miƙa kwanon gefe, ba ta duba ba. An jima kafin ta ji an karɓa.

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun shekarar da anka fara kai albasa Abijan. Ni ka share guntayen da sahe, kada yara su gani. Bayana ya gaji da sunkuyo."

Ya zauna a ƙasa bakin ƙofa, inda yakan zauna yana yaro. Ya juya kwanon a hannu, ya dubi jirgin da ke zane a ciki.

"Hanya na da tsawo," ya ce. "Direbobi sunka koya mini. Na aje ta ba sau guda ba."

"Ban tambaya ba."

"In na gan su, tarin Baba nike ji."

"Ni ma."

Ta ɗan nuna jeren da haɓa.

"Waɗanga sun daɗe da hutawa. Babu mai hayaƙi cikinsu."

Sadiƙ ya dubi jeren. Ya tashi ya sa kwanon a aljihun riga, aljihun ya ja ƙasa don nauyi. A bakin ƙofa ya ce gobe da safe amalanke zai zo.

Amalanke ya zo, da kwalaye da tsofaffin buhuna. Sadiƙ da kansa ya hau turmi ya sauko da na sama, yana miƙa wa Fatiha, ita tana naɗewa da tsumma. Bai fasa ko ɗaya ba. Lantana tana zaune a inuwa da akuyarta, ba ta sa hannu ba. Da aka gama, kantocin suka tsaya tsirara, kowane wuri da zoben ƙura inda kwano ya zauna. Ta leƙa sau ɗaya ta ja ƙyaure.

A sabon ɗaki ba a iya gina kantoci. Laka ba ta kama siminti. Sadiƙ ya kawo katako ya ɗora a kan bulo, hawa uku, can ƙasa-ƙasa, ya sa labule mai kauri a ƙofa. Ba su sami wuri duka ba, wasu sai da aka ɗora su cikin wasu. Hasken taga biyu kuma ya yi musu yawa. A tsohon ɗaki ƙyalli suke yi cikin duhu, a nan kuwa duk wani ƙarce da tabon wuta ya fito fili, koren ma ashe ya dushe. Lantana ta ga sun fi yadda ta san su ƙanƙanta. Ta sa Fatiha ta rataya tabarma a taga ɗaya, ya ɗan yi dama.

Ko Sadiƙ ya ajiye taba, ba wanda ya sani. Sabon gida ba shi da rumbu a baya, kuma Lantana ba ta shara a nan. Yakan zo bayan la'asar ya tsaya daga bayan labule ya gaishe ta, ta amsa a gajarce. Hamidu ya aiko cewa ya sami wani na azurfa-azurfa, tsoho ƙwarai, ya ajiye mata. Ta ce a gaya masa ta gode, babu wuri.

Damina ta yi tsakiya, gero ya kai ƙugu. Wata rana da hantsi aka tashi da ruwa mai ƙarfi, irin wanda ba ya ɗagawa da wuri. Lantana tana zaune a tabarma gaban katakon, da tsumma a hannu, tana goge na tagulla. Rufin ɗakin na kwano ne, ita kuwa duk rayuwarta a ƙarƙashin soro ta ji ruwa, ba ta saba da wannan ƙara ba. Fatiha ta ɗaga labule ta shigo, mayafinta jiƙe, ta durƙusa ta fara magana tana nuna wajen tsohuwar unguwa, ta ɗaga tafin hannu a tsaye ta kwantar da shi. Ko kalma ɗaya ba ta kai kunnen Lantana ba, bakin kawai take gani yana motsi. Ta gane bangon gabas ne ya faɗi, ta gyaɗa kai. Ta matsa ta ba Fatiha wuri a tabarma, ta yage tsumman biyu ta miƙa mata rabi.